Ƙararrawar da Enid Ba Ta Kaɗa Ba

Duk wanda ya taɓa sayen kan sarki a gidan wayar Holsey ya san Enid Larwood, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan ta taga ta biyu, mai karkatar da kai in ana yi mata magana, kamar da kunnen dama kaɗai take hulɗa da duniya. Shekara ashirin da bakwai ta yi a bayan wannan taga. Ba ta da surutu, dariyarta ma sai an yi da gaske, amma fa akwai kunne. Kafin mutum ya turo ƙofa ta riga ta san ko wane ne daga takunsa, har ta zaro masa fom ɗin da ya zo nema. Mukan ce mata wannan ai maita ce, ita kuwa ta ce takalmanmu ne ba su iya rufa asiri ba.

'Yar Bullen mai kamun ƙaguwa ce, ta uku cikin 'ya'ya biyar. Tana da shekara goma sha tara ta shiga sashen mata na sojan ruwa, ana tsakiyar yaƙi da Jamus. Aka gwada kunnenta, aka tafi da ita wata shida, sannan aka dawo da ita wani tsohon gida a kan gaɓar teku, mil biyu kacal daga kicin ɗin uwarta. Aka sa ta rantse ba za ta faɗi abin da ake yi a gidan ba. Uwarta ta rasu tana zaton ninke barguna 'yarta take yi wa sojoji. Horace Larwood, direban bas ɗin da ta aura bayan yaƙi, shi ma a haka ya tafi, bayan ya yi shekara ashirin da takwas yana kiranta Janar ɗin Barguna.

A duk garin mutum ɗaya ce ta san gaskiya, wato Hilda Gotts mai shagon ulu da maɓallai a Layin Coci, don a teburi ɗaya suka yi aikin, kafaɗa da kafaɗa. Hilda gajera ce mai murya kamar ta mai gwanjon kifi. Ba ta taɓa aure ba, ta ce ta saurari maza shekara huɗu a wayar iska, ya ishe ta. Kowace Alhamis da yamma Enid takan je shan shayi a ɗakin bayan shagon. In da baƙo a wurin, sai su koma hira da cokali a kan farantin kofi, irin bugun wayar da aka koya musu: ƙwanƙwasawa gajere ke nan, jan cokali kuma dogo. Matar fasto ta sha zagi a haka, tana murmushi tana neman ƙarin sukari.

Aikin nasu ba wani abin a zo a gani ba ne. 'Yan mata goma sha biyu a dogon teburi, kowacce da akwatin rediyonta, da abin sauraro a kunne, da fensir, da fom. Sai ki murɗa ki kama zangon da aka ba ki, ki saurari Bajamushe yana buga waya, ki rubuta haruffansa biyar-biyar yadda suka zo. Ba su da ma'ana, don a sirrance suke. Mai babur ya zo ya kwashi takardun ya kai wa masu warware sirri can cikin ƙasa, wurin da ba a faɗar sunansa. Ba a taɓa dawowa a gaya wa kowa abin da ta rubuto ko amfanin da ya yi.

Shi ya sa, da gwamnati ta ɗage takunkumin maganar, aka shiga yin finafinai a kan masu sauraro da masu warware sirri, Enid da Hilda suka mai da silima wurin nishaɗinsu. Ba labarin suke zuwa kallo ba, bugun wayar suke zuwa ji. Za a nuna ɗan leƙen asiri yana gumi yana aika saƙon da zai halaka ƙasa, su kuwa a kujerar baya suna jin abin da yake bugawa, shirme tsantsa, wani lokaci ma harafi ɗaya ne ake ta maimaitawa. Ga kuma jaruma da jan baki raɗau, ta ji saƙo ta gane shi nan take, ta ruga a guje tana ihu.

“Ji munafuka,” in ji Hilda da ƙarfi. “Mu da muka yi shekara huɗu ko ‘sannu’ ba mu taɓa ganewa ba.”

“Ke dai rage murya, za a kore mu.”

“A kore mu mana. Wa ya ba ta jan baki a lokacin da ko sabulu ya yi wuya?”

Cikin bazarar 1981 wani mai shirya fim ya ƙwanƙwasa ƙofar Enid. Mista Pennock sunansa, mai dogon gashi da jakar fata, irin mutanen Landan da ke yabon labulen gidanka kafin su zauna. Ya ce zai yi fim a kan gidan gaɓar teku, kuma yana so ya zama na gaskiya, ba irin waɗanda take yi wa dariya ba. Ya ce ya yi wata uku yana tonon takardun da gwamnati ta buɗe, ya kuma samo ranar da zai gina fim ɗinsa a kanta. Ya zaro kwafin wata takarda ya shimfiɗa a kan teburi kusa da tukunyar shayi.

“Misis Larwood, kafin ki yi aure Bullen ce ke, ko? Kin tuna wannan?”

Ko da ta ga kwanan watan, sai ta gane ranar. Tara ga Fabrairu, 1943, ƙarfe biyu da minti goma na rana.

Dole a nan in faɗi wani abu game da aikin, wanda masu fim ba su cika sani ba. Kowane mai buga waya yana da hannunsa, kamar yadda kowa ke da tafiyarsa. Jamusawa kan canza zango, su canza sunan kira, amma mutum ba ya iya canza hannunsa. Saboda haka 'yan matan suka san mutanensu ɗaya-ɗaya, har suka raɗa musu suna. Akwai Mai Gaggawa, akwai Fasto, akwai Ɗan Giya. Na Enid shi ne Gurgu, don in ya zo dogon bugu na ƙarshe yakan ja shi kamar mai jan ƙafa. A gefen kowane fom akwai ɗan gurbi. Doka ita ce, in kin ji hannun da kika sani a zangon da ba nasa ba, ki rubuta sunansa a gurbin, ki kaɗa ƙararrawar da ke gabanki nan take. Hafsar ɗaki za ta zo, a sa wasu tashoshi su gano inda yake, a gargaɗi jiragenmu da ke kan ruwa. Kowacce da ƙararrawarta, kuma ba a taɓa ta wata. Miƙa hannu kan teburin maƙwabciyarki daidai yake da ce mata ba ta iya aikinta ba.

Wata goma sha huɗu Enid ta yi tana sauraron Gurgu daga wata tashar jiragen ruwa a can tsallaken teku. Ta san ranar da ya gaji, ta san ranar da sanyi ya kama masa yatsu, ta san in wani babba na tsaye a kansa, don a ranar ɗingishin kan ragu. In ya gama aika saƙo yakan ƙara ɗigo biyu da ba sa cikin saƙon, tik tik, kamar mai cewa sai an jima. Kada wani ya ce soyayya ce, wannan na masu fim ne. Ba ta san sunansa ba, ba ta san fuskarsa ba, ta kuma san sarai abokin gaba ne. Sabo ne kawai, irin wanda kake yi da maƙwabcin da kake jin takunsa a saman bene kullum.

A ranar nan hazo ya rufe teku tun safe. Tana murɗa akwati sai ta ci karo da shi a wani zango dabam, da wani sunan kira, kuma da ƙarfin da ya sa ta janye abin sauraron daga kunne ɗaya. Ƙarfin nan ma'anarsa ɗaya ce: an sa shi a jirgi, jirgin kuma yana kusa da gaɓarmu. Tun harafin farko ta gane shi. Ta dubi ƙararrawa, ta san in ta taɓa ta jiragen yaƙinmu za su fita, kuma ba gaisuwa za su kai masa ba. Sai ta ce wa kanta bari ta tabbatar. Ta rubuta layi ɗaya, ta ce bari ta ƙara ɗaya. Ya yi shiru, ya dawo, ya sake yin shiru. Haruffan nan duk ta rubuta su tsaf, ko ɗaya ba ta kuskure ba, amma gurbin gefe ta bar shi fari fat. Da ƙarfe uku saura minti goma ya buga ɗigonsa biyu. Ta jefa fom a kwandon da ke tsakaninta da Hilda, ta ce kanta na ciwo, ta fita bayan gida ta yi ta amai.

Washegari labari ya zo gari. An nutsar da wani jirgin kamun kifi da aka mayar na share nakiya, da yammacin jiya, cikin hazo, da mutum goma sha ɗaya. Cikinsu har da Len Gotts, yayan Hilda, wanda ya koya wa su biyun hawan keke. Enid ta je coci, ta riƙe hannun Hilda, ta taya uwar Len yanka burodi don masu zuwa gaisuwa. Gurgu kuwa ba ta ƙara jin sa ba. Ba wanda ya kira ta ofis, ba wanda ya tambaye ta komai. Ta ɗauka takardar ta bi sauran takardu ta ɓace, ita kaɗai ta san abin da babu a cikinta. Shekara talatin da takwas tana wucewa ta gaban dutsen tunawa da mamatan yaƙi da ke ƙofar coci, kuma ba ta taɓa wucewa ta gefen da sunan Len yake ba.

Yanzu ga takardar a kan teburinta. Haruffan nata ne, ta gane su. Amma gurbin gefe ba fari ba ne. An rubuta da fensir: Gurgu, yana kusa ƙwarai, E.B.

“Wannan 'yar rubutun taki,” in ji Mista Pennock, idonsa har yana ƙyalli, “ita ta sa jiragenmu suka fita. Sun tarar da jirgin Jamus ɗin kafin magariba, suka nutsar da shi. Ayarin jiragen dakon kwal goma sha shida ne ke tafe a daren. Ba a taɓa gaya miki ba, ko?”

“Ba a gaya mana komai,” in ji Enid. Muryarta ta fito kamar ta wata.

“Hatimin hafsa ya nuna sai uku saura goma aka kaɗa ƙararrawa, amma kin san aikin ofis na wancan zamani. A fim za mu gyara wannan. Tana ji za ta kaɗa.”

Enid ba ta ji sauran maganarsa ba. Harafin farko na sunan Gurgu take kallo, mai wata 'yar wutsiya da ta lanƙwaso ƙasa. Ta san wutsiyar nan. Kowace Alhamis tana ganinta a jikin kwalayen maɓallai a shagon Layin Coci. Kunya ta taso mata tun daga tafin ƙafa, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ashe Hilda ta sani. Ta sani ranar da aka yi addu'ar Len, ta sani ranar da ta riƙe mata fure a bikinta, ta sani duk Alhamis ɗin duniya tana zuba mata shayi tana tura mata biskit.

Abin da ya kamata ta yi a bayyane yake, ba sai an faɗa ba. Ta ce wa mutumin nan rubutun ba nata ba ne, ta sa kwat ɗinta ta nufi Layin Coci. Amma mu mutanen bakin tekun nan an yi mu da wani irin taurin baki. Mun fi iya fita cikin guguwa da mu zauna gaban mutum mu ce na yi maka laifi. Enid ta ƙara wa Mista Pennock shayi, ta ce za ta taimaka da abin da za ta iya.

Alhamis ta zo, ta je. Labari ya riga ta isa.

“A'a, ga jaruma! Sai a tashi tsaye ko a durƙusa?” in ji Hilda tana ɗora buta a wuta. “An ce wata mai farin gashi za a sa ta fito a matsayinki. Ki ce musu su nemo mai manyan ƙafafu, in dai gaskiya suke so.”

“Hilda, ya nuna mini wata takarda.”

“Takardu ai da yawa. Madara nawa?”

Hilda ta juyo ta dube ta, ta jira. Buta ta fara ƙara. Enid ta buɗe baki.

“Kaɗan,” ta ce.

Haka aka yi ta yi har shekara ta zagayo. Jaridar gunduma ta buga hotonta. Mahauci ya fara ƙara mata tsoka a kan awo, yara 'yan makaranta suka zo da malamarsu suna tambayarta ko ta ji tsoro. 'Yarta Janet ta bugo waya daga Kanada tana kuka, wai me ya sa ba ta taɓa gaya wa Baba ba. Duk yabon da aka yi mata sai ta ji kamar an ƙara mata dutse a aljihu. Ta rame, ta daina zuwa silima. Ita kuwa Hilda ba ta fasa tsokana ba, ba ta kuma ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Abu ɗaya Mista Pennock ya roƙa wanda ta kasa ƙi. Ya ce ba ya son bugun wayar ƙarya a fim ɗinsa, yana so ita ta buga saƙon Bajamushen da hannunta, daga haruffan da ke kan takardar. Aka kai ta wani ɗaki a Norwich mai bango kamar katifa, aka aje mata madannin waya. Ta ce ta manta, ta ce yatsunta sun yi tsami. Amma tana ɗora yatsa abin ya zo da kansa, kuma ba hannunta ne ya zo ba. Dogon bugun ƙarshe ya ja ƙafa. Da ta kai ƙarshen takarda, kafin ta ankara, tik tik. Mai ɗaukar sauti ya ɗaga mata babban yatsa ta cikin gilashi, bai san ya ɗauki muryar mamaci ba.

An nuna fim ɗin a Holsey wata Asabar da rana, a zauren gari, don tsofaffi su samu zuwa. Aka zaunar da Enid a layin gaba kusa da magajin gari, Hilda kuma a gefenta, da sabuwar hula. Fim ɗin ba laifi, in ban da jan baki. Da aka zo wurin, zauren ya yi tsit, sai bugun waya ya cika shi. Enid ta ji Hilda ta sandare a kujera. Jarumar ta zaro ido, ta kai wa ƙararrawa duka tun kafin Bajamushen ya gama layin farko, mutane suka ɓarke da tafi. Ɗigo biyun nan sun fito a ƙarƙashin tafin, kuma mutum biyu ne kaɗai a zauren suka ji su.

Da aka kunna fitila magajin gari ya ce Misis Larwood ta tashi a gan ta. Ta tashi. Ta yi ta maza ta ce, “Ba ni ce na yi ba. Ban cancanci wannan ba.”

Kun san mu. Tafin ma sai ya ƙaru. “Allah sarki, ji tawali'u,” in ji wata a baya. Magajin gari ya dafa kafaɗarta ya ce haka duk 'yan zamaninsu suke, ba sa son yabo, ya sa aka ƙara mata wani tafin. Ta faɗi gaskiya a gaban mutum ɗari biyu, aka mayar mata da ita ado. Ta zauna, fuskarta kamar an watsa mata ruwan zafi.

Aka koma ɗakin gefe shan shayi da kek. Enid ta samu teburin lungu, Hilda ta zo ta zauna gabanta da kofinta. Mutane na kai da kawowa, ana ta hayaniya. Enid ta ɗauki cokali. Ta fara ƙwanƙwasa farantin kofi, a hankali, harafi bayan harafi. Ban kaɗa ba. Na gane shi. Na bar gurbin.

Hilda ta saurara har ƙarshe, kanta a sunkuye. Sannan ta miƙa hannu ta danne cokalin a kan faranti.

“Ban karɓa ba,” ta ce. “Da cokali muke zagin matar fasto. Wannan da baki za ki faɗe shi.”

Enid ta dubi hagu ta dubi dama. Ba mai kallonsu, kowa ta kek yake yi.

“Na ji shi tun biyu da minti goma,” ta ce. “Tun harafin farko na san shi ne, na kuma san yana kusa. Na ƙi kaɗawa don kada a kashe shi. Minti arba'in, Hilda. Da na kaɗa, da an gargaɗi su Len. Ke kika cike gurbin, na ga rubutunki. Na ci amanarki, na ci ta Len, na kuma zo ina shan shayinki shekara talatin da tara. Ban san da wane ido zan dube ki ba.”

“To, kin faɗa.” Hilda ta zaro hankici ta fyace hanci da ƙarfi. “Wallahi kin ba ni wahala. Na ce matar nan sai na mutu za ta je ta gaya wa dutse.”

“Me ya sa ba ki taɓa yi mini magana ba?”

“In ce me? Ke kina tsammani a kwando na fara ganinsa?” Ta rage murya, karo na farko a rayuwarta. “Kin janye abin sauraronki daga kunne ɗaya, kin manta? Yana ta zuba a gefen fuskata kamar rediyon maƙwabta. Ni na riƙe miki shi duk ranar hutunki, na san ɗingishin nan kamar yunwar cikina. Biyu da minti goma na ji shi, daidai lokacin da kika ji.”

Hilda ta ci gaba.

“Ƙararrawarki tana nan, kamu ɗaya daga hannuna. Tawa ma tana gabana. Na ce a'a, mutumin Enid ne, ba a shiga aikin wata, yanzu za ta kaɗa. In na kaɗa a kanta na kunyata ta gaban ɗaki, ƙila ma a kai ta kotun soja. Ina kallon agogo ina kallon hannunki. Na ce bari in ba ta minti ɗaya, na ƙara miki wani. Sai da kika fita na ɗauki fensir.” Ta ninke hankicin ta sake buɗe shi. “Ladabi na tsaya yi, Enid. Yayana yana kan ruwa ni kuma ina nan ina ladabi.”

“Amma ke ba ki san yana wurin ba.”

“Ke kin sani? Na tambayi ɗan Landan ɗin nan, na ce ƙarfe nawa aka harbi jirgin su Len. Ya duba, ya ce ba a rubuta ba. Ko biyu ne, ko uku, ko huɗu, ba wanda ya tsira balle ya faɗa. Ba za mu taɓa sani ba, daga ni har ke.” Ta tura wa Enid farantin kek. “Kina zaton don kirki nake kiranki shayi duk Alhamis? Ke kaɗai ce a duniya kika zauna cikin minti arba'in ɗin nan tare da ni. Na yi ta jira ki faɗi naki don in samu bakin faɗin nawa.”

Enid ta sa hannu ta rufe fuska. Kukan da ba ta yi ba a coci ranar addu'ar Len, don tana ganin ba ta da ikon yin sa, shi ya zo mata a ɗakin shayin zauren gari, da hular biki a kanta. Matar magajin gari ta hango ta ta ce wa na kusa da ita fim ɗin ya taɓa baiwar Allah.

Ba su tsaya jawabin Mista Pennock ba. Suka ɗauki jakunkunansu suka fito, Hilda na ƙorafin takalminta na matse ta. Hanyar Layin Coci ta gaban dutsen tunawa take bi. Da suka iso, ƙafar Enid ta karkata hagu da kanta, yadda ta saba. Hilda ta cafke hannun rigarta.

“Ta nan,” ta ce. “Ni ma ban taɓa bi ta nan ba. Zo mu gaishe da Len.”